Babban Yatsan Inna Tsahara

Rumfata taku uku ce a bakin Babbar Kasuwa:
tebur, laima, waya biyu,
da littafin da ɓera ya ci wa gefe.
Nan kuɗi ke sauka daga Arlit da Kwatano,
ba direba, ba kuɗin shinge, ba gumi a jikinsu.

Ran Litinin ta zo,
Inna Tsahara mai man gyaɗa ta Bagalam.
Ƙamshin tunkuza ya riga ta sallama.
Ta ce Nomau ya turo jika talatin
daga ramin zinari, can inda ruwa ya fi nama tsada.
Ta miƙo 'yar wayarta ɗaure da roba
kamar jinjirin da za a yi wa huɗuba.

Na ce, Inna, an sake tsari.
Yanzu sai kati ya shaidi mutum,
yatsa ya shaidi kati,
na'ura ta shaidi yatsa.
Ta ce, ita na'urar wa ya shaide ta?
Ta kwance bakin zane, ta fiddo katin.

Inda ake sa ranar haihuwa an rubuta "wajajen".
Na'ura ba ta san wajajen ba, rana take so da wata.
Inna ta ce, rubuta shekarar da Gulbi ya cinye gonar kawuna,
gero na fidda kai.
Na rubuta ɗaya ga Janairu.
Rabin mutanen layin nan ranar na haife su.

Sai yatsa.
Ta ɗora, wuta ta yi ja.
Ta goge a mayafi, ja.
Na ce huro masa iska. Na ɗiga masa ruwan buta.
Na juya hannun na duba:
sumul, kamar bayan ludayi.
Shekara arba'in tana matsar tunkuza da zafinta,
tana murza ƙuliƙuli tun kafin kiran assalatu.
Zanen da Allah Ya yi mata
Maradi ta cinye shi a cikin gari da yaji.

Allon ya ce ba a gane ta ba.

Ta yi dariya har na ga wushiryarta.
Ta ce, yaro, adashin mata ashirin da uku ke hannuna,
tun kana rarrafe, ko dala ba ta yi ciwon kai ba.
Je ka tambayi mai niƙa. Je ka tambayi masu gyaɗar Jiratawa
da ke ba ni buhu a kan kalma.

Ba na zagin dokar, na san mafarinta.
Bara wani ya kira Malam Ɗanjimo da muryar ma'aikaci,
ya kwashe kuɗin maganin matarsa da lamba huɗu.
A kan bencin nan ya zauna, bai yi kuka ba, bai tashi ba.
Don kura aka yi shingen.
Yau akuyar gida ce a waje tana leƙe.

An ce ta je ofis a ɗauki hoton idonta.
An ce mai ɗaukar ya tafi Yamai.
An ce Alhamis.

Tukunya ba ta jiran Alhamis.
Na jawo aljihun tebur, na ƙirga talatin daga jarina,
na buɗe littafin ɓera, na ce sa hannu.
Biro bai san ta ba.
Ta buɗe galan, ta tsoma yatsan a mai,
ta danna a takarda.

Kuɗin Nomau na nan a sama har yanzu, sun rasa inda za su sauka.
Da dare, in Nijelek ta ɗauke wuta,
nakan ɗaga shafin a gaban tocila.
Ba layi ko ɗaya.
Haske na ratsa shi,
kuma ya huda har shafi na biyar,
ya jiƙa sunayen mutanen da na'ura ta gane.